Girman ƙwayar taki: Asarar da manoman Jazira ke yi ba tare da an ƙidaya ta ba

Duk lokacin da aka ɗauko maganar takin zamani, ko a Kano ne, ko a Maraɗi, ko a Wad Madani ta ƙasar Sudan, tambayoyi biyu ne ke fitowa daga bakin manomi: nawa ne buhu, kuma yaushe zai iso. Su ma hukumomi a nan suke tsayawa, su sanar da yawan tan-tan ɗin da suka shigo da su da kuɗin da aka kashe, a tafa musu a watse. Akwai tambaya ta uku da ba kasafai ake yin ta ba, wato yaya girman ƙwayar da ke cikin buhun yake, kuma shin girman ɗaya ne tun daga bakin buhun har zuwa gindinsa? Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023. To, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A daidai lokacin da ake ƙoƙarin farfaɗo da noman Jazira, ana rubuta takardun kwangilar sayo taki da kuɗin bashi da na agaji, a lokacin ne ake yanke irin ƙwayar da za ta shiga hannun manomi, kuma daga cikin waɗanda abin zai fi shafa akwai 'yan uwanmu Hausawan da ke can.

Idan dai ba a manta ba, bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka zauna a gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno wajejen 1906. Maniyyata aikin Hajji da ke tafiya a ƙasa su ma sun yi ta yada zango a wannan yanki, wasu su wuce, wasu su zauna har abada. Da hannunsu aka yi aikin madatsar ruwa ta Sinnar da aka kammala a 1925, kuma da hannunsu aka yi ta tsinkar audugar Jazira shekara da shekaru. A yau jikokinsu na nan a ƙauyukan bakin kogi tun daga Sinnar da Singa har Rusairis da Damazin, suna noman rani da kamun kifi, wasu kuma na zaune a unguwannin 'yan ƙwadago da ke cikin gonakin Jazira, waɗanda ake kira kanabi, tare da mutanen Darfur da Kordofan.

Shi wannan shiri na noman Jazira, idan aka haɗa da ƙarin Managil da aka yi masa daga ƙarshen shekarun 1950, ya kai faddan miliyan 2 da ɗoriya. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato ya ɗara eka ɗaya kaɗan. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai tsagewa idan ta bushe, irin wadda mutanen Borno ke kira firki, fiye da rabinta yumɓu ne, tana da kanwa-kanwa, sannan sinadarin naitirojin ya yi mata ƙaranci ƙwarai. Tun a shekarun 1930 masu bincike a gonar gwaji ta Wad Madani suka tabbatar da cewa bayan ruwa, babu abin da ke ɗaga amfanin auduga a wannan ƙasa kamar naitirojin. Har ma'auni na musamman masana aikin gona na Sudan ke da shi, wanda suke rubutawa 1N, ma'ana kimanin kilo 18 na naitirojin a faddan guda, daidai da kilo 40 na yuriya. Alkama da auduga galibi 2N ake ba su shawara, wato kilo 80 na yuriya a kowane faddan. Kuma kusan duk wannan taki daga waje yake zuwa, daga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da Masar da sauransu, domin masana'antar yuriyar da aka gina kusa da Khartum a farkon shekarun 1980 ba ta kai ga ciyar da manoma ba.

To, ita yuriya a takarda iri ɗaya ce. Kowane buhu ka ɗauka za ka ga an rubuta 46, ma'ana a cikin kilo 100 akwai kilo 46 na naitirojin. A hannu kuwa iri biyu ce, kuma bambancin daga masana'anta yake tasowa. Ta farko ana narkar da ita ne a zafin da ya haura digiri 133, a feso ta daga saman wata doguwar hasumiya, ɗigon ya riƙa daskarewa yana faɗowa cikin iska. Wannan ita ce mai ƙananan ƙwaya, daga milimita 1 zuwa 2 da 'yan kai, kamar gero. Ta biyu kuwa a cikin inji ake gina ta, ana fesa narkakkiyar yuriya a kan ƙaramin ƙwaya, rufi bisa rufi, har ta kai milimita 2 zuwa 4, kamar dawa. Mai kama da dawar ta fi tauri nesa ba kusa ba: ƙwayarta guda kan jure nauyin kilo 3 ko fiye kafin ta fashe, yayin da mai kama da geron kan fashe a wajejen kilo 1. Shi ya sa a kasuwar duniya mai manyan ƙwaya ta fi tsada da 'yan daloli a kowane tan, shi ya sa kuma mai sayen da ke neman araha ido rufe yakan ƙare da ƙaramar.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin a nan ne abin yake ba da mamaki. Idan ka rage faɗin ƙwaya da rabi, nauyinta ba da rabi yake raguwa ba, sau takwas yake raguwa. Ƙwayar yuriya mai milimita 3 nauyinta kimanin miligiram 18 ne, mai milimita 1.5 kuwa ba ta wuce miligiram 2 da ɗan abu ba. Manomin da ya watsa kilo 80 a faddan ya zuba giram 19 ke nan a kowane murabba'in mita. Da manyan ƙwaya, wannan kusan ƙwaya 1,000 ce. Da ƙananan, ta kai wajen 8,000. Kazalika fatar da iska ke taɓawa a kowane kilo tana ninkawa biyu idan an rage faɗin da rabi, kuma ta wannan fata ce yuriya ke shan laima. Saboda haka buhu biyu masu lamba ɗaya da nauyi ɗaya na iya zama abubuwa biyu daban a sito, da a hannun mai watsawa, da kuma a cikin iska.

Babbar matsalar ma ba a ƙanƙanta ko girma take ba ita kaɗai. Taki mai ƙananan ƙwaya, idan duk girmansu ɗaya ne, manomi zai iya sabawa da shi ya daidaita hannunsa. Abin da ke ɓata lissafi shi ne cakuɗa, wato a samu dawa da gero da tsaki da gari duk a buhu guda. Masu sana'ar taki na da ma'auni biyu na gane wannan, kuma duka biyun da rariya ake yin su. Na farko, wanda suke kira SGN, matsakaicin girman ƙwaya ne a milimita a ninka sau 100, ta yadda taki mai matsakaicin milimita 2.8 lambarsa 280 ce. Na biyu kuma yana kwatanta ƙananan ƙwayoyin da ke cikin samfurin da manyansu. Idan duk girmansu ɗaya ne sak, lambar 100 ce, abin da ba a samu a kasuwa. Taki mai kyau yakan faɗo wajejen 50, kuma gwargwadon yadda lambar ta yi ƙasa, gwargwadon yadda cakuɗar ta yi muni. Waɗannan lambobi biyu su ne ba ka gani a jikin buhun da ke isa ƙauye.

Ko da takin ya baro masana'anta lafiya, hanya na iya mayar da shi wani abu daban. Daga jirgin ruwa a sauke shi a tashar Fot Sudan, inda iskar Bahar Maliya ke ɗauke da laima. Yuriya kuwa da zarar laimar iska ta haura kashi 70 da 'yan kai cikin 100 a zafin digiri 30, sai ta fara tsotsar ruwa. Daga nan a loda shi a manyan motoci, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ta Kasala da Gadarif kafin ya kai Wad Madani, a sauke, a jibge buhu kan buhu, a sake lodawa a ƙaramar mota ko amalanke zuwa ƙauye. Kowace saukewa da jifa tana farfasa wani kaso na ƙwayar, kuma mai kama da gero ce ta fi saurin zama gari. Garin nan shi ke cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ya sha laima da dare, ya bushe da rana, ya ɗinke su wuri guda. Buhun da ke ƙasan jibgi sai ya koma kamar dutse. Manomi ya sa taɓarya ko sanda ya daddaka, ya ƙara yawan garin da hannunsa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta duk wani abu mai ƙwaya, wadda kowace mace da ta taɓa yin tankaɗe ko sheƙa ta san ta. Idan aka girgiza, ƙananan kan sulale ƙasa, manyan su taso sama. Idan aka zuba aka yi tsibi, manyan kan gangara gefe, gari ya taru a tsakiya. Wannan na faruwa a cikin jirgi, da a sito, da a cikin buhun da ya sha girgizar mota. Ga mai sayen buhu goma, abin da sauƙi, domin a ƙarshe duka zai zuba a gonarsa. Ga mai sayen awo kuwa, wanda ke zuwa kasuwar ƙauye a buɗe buhu a auna masa da kwano, rabonsa ya danganta da lokacin da ya zo. Wanda ya zo da safe ya kwashi manyan ƙwaya, wanda ya zo da la'asar ya tarar da gindin buhu, kuma kuɗin da suka biya ɗaya ne. Mai sayen awo kuwa, a ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu kamar yadda yake a fadamun ƙasar Hausa, shi ne mai 'yar gonar albasa ko kuɓewa ko tumatur, wanda ba shi da ƙarfin buhu.

A gona, yawancin ƙananan manoman Jazira da hannu suke watsa yuriya, mutum ya rungumi kwano ko ya rataya buhu yana tafiya yana yafawa. Hannun da ya saba da manyan ƙwaya yana jefa su su yi nisa su bazu. Idan gari ya yi yawa, sai ya zube kusa da ƙafar mai watsawa, ko iska ta kwashe shi, kuma lokacin alkama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokaci ne na busasshiyar iskar arewa a wannan fili da babu tudu babu daji. Wanda ya sauka a kan ganye mai raɓa yakan manne ya ƙona shi. Inda ake amfani da injin watsawa mai faifai da ke juyawa, a manyan gonaki da wajen kamfanoni, bambancin ya fi fitowa fili, domin injin na iya jefa manyan ƙwaya faɗin mita 24 ko fiye, ƙananan kuwa da ƙyar su wuce rabin haka zuwa kashi biyu cikin uku. Idan direba ya daidaita tazararsa da lissafin manyan ƙwaya alhali cakuɗa ce a cikin injin, bayan makonni sai ka ga gonar ta yi zane-zane, layi kore shar, layi rawaya.

Wani zai ce ai ba a yi asara ba, tunda abin da wannan layi ya rasa wancan ya samu. Shuka ba haka take lissafi ba. Kilo 40 na farko da aka ba ta shi ne ya fi ƙara amfani, na biyu ya ƙara ƙasa da haka, na uku kuma ƙarinsa kaɗan ne, wani lokaci ma illa yake yi. Alkamar da ta sha naitirojin fiye da kima takan yi tsawo ta kwanta, injin girbi ya kasa ɗaukar ta. Audugar da ta sha da yawa takan yi ganye ta jawo ƙwari, kuma manoman Jazira ba su manta da farin ƙudan da ya addabi audugarsu yana sa ta danƙo a ƙarshen shekarun 1970 ba. Don haka gonar da rabinta ya samu 3N rabi ya samu 1N ba za ta kamo wadda ta samu 2N ko'ina ba, ko da yake buhunan da aka zuba musu ɗaya ne. Wannan asara ce da ba ta fitowa a littafin kowa, domin idan girbi ya yi ƙasa, iri ake zargi, ko zafi, ko ƙarancin ruwa.

Inda maganar girman ƙwaya ta fi zama haɗari shi ne a takin da ake haɗawa, wanda manoman Nijeriya ke kira kamfa. Akwai kamfa iri biyu: wanda aka narkar da sinadaran aka cure su a kowace ƙwaya, da wanda aka zuba yuriya da DAP da fotash a inji aka gauraya kawai, kowanne da ƙwayarsa. A wannan na biyun, idan girman ƙwayoyin bai zo ɗaya ba, to girgizar hanya za ta raba su, saman buhu ya zama wani taki, gindinsa ya zama wani. Shi ya sa masana ke cewa bai kamata tazarar girman kayan haɗin ta wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba, kuma ba a haɗa yuriya mai kama da gero da DAP mai manyan ƙwaya. Binciken da cibiyar IFDC ta yi wa ƙungiyar ECOWAS, wanda aka fitar a 2013, ya auna takin kasuwannin Nijeriya da Gana da Senegal da Togo da Kwaddibuwa. An gano cewa kusan rabin samfuran 15-15-15 na gauraye ba su cika abin da aka rubuta a buhu ba, alhali a wanda aka cure kimanin ɗaya cikin goma ne kawai ya gaza. Ita kuwa yuriya zalla, galibinta ta cika. Wannan darasi ne ga Nijeriya, wadda tun daga shirin takin Shugaban Ƙasa na ƙarshen 2016 ta dogara ga masana'antun gauraya, ko da yake ta yi sa'a manyan masana'antunta na Indorama da Dangote mai manyan ƙwaya suke yi. Darasi ne kuma ga Sudan idan ta ɗauki wannan hanya, musamman da yake manoman alkamarta sun riga sun saba haɗa DAP da yuriya.

Wani hanzari ba gudu ba, bai kamata a ɗora wa girman ƙwaya laifin da ba nasa ba. Garin yuriya yuriya ne, naitirojin ɗinsa bai ragu ba don ya farfashe. Wani bincike da aka yi a Tanzaniya aka wallafa a 2021 ya nuna cewa manoma da yawa na ɗaukar takin da ya dunƙule ko ya canza kama a matsayin jabu, suna rage saye saboda haka, alhali da aka kai shi ɗakin gwaji sinadarinsa ya cika. Wato mummunar kama tana jawo asara iri biyu, ta gona da ta rashin yarda, kuma ta biyun na iya fin ta farko tsada, domin manomin da ya yanke ƙauna da buhu ba zai sake cin bashi ya saya ba.

Har ila yau, a ƙasa mai kanwa irin ta Jazira, babbar ƙofar da naitirojin ke bi ya gudu ita ce iska. Yuriya idan ta jiƙa a saman ƙasa, wani sinadari da ke cikin ƙasar yakan narkar da ita ta koma amoniya, kuma inda ƙasa ke da kanwa ga zafi, amoniyar kan tashi sama. Idan aka bar ta kwanaki a fili a kan ƙasa mai danshi, kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na iya salwanta. Maganin abin sananne ne: a watsa a busasshiyar ƙasa a bi ta da ruwa nan da nan, ko a rufe ta. A nan ne matsalar ƙwaya ke haɗuwa da matsalar ban ruwa. Tsarin Jazira an gina shi ne a kan shayar da gona duk bayan kwana 14, amma magudanan sun daɗe da cikewa da laka da ciyawa, kuma wanda gonarsa ke ƙarshen magudana ba shi da tabbacin ranar da ruwa zai iso masa. Idan ya watsa taki ruwan ya yi jinkiri, gari ne ke fara narkewa da raɓar dare, manyan ƙwaya su ɗan jure. A ganina, duk wanda zai gyara Jazira ya fara da yashe magudanai, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai yashe magudanai aiki ne na shekaru da biliyoyin kuɗi, shi kuwa gyaran ƙwaya layi biyu ne a takardar kwangila.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke da alhakin rubuta waɗannan layuka? A da, amsar a fili take. Daga 1950, lokacin da Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat ta karɓi ragama daga kamfanin Turawa, ita ke sayo taki gaba ɗaya, ta kai shi sassan gonakin da jirgin ƙasanta, jami'anta su tsaya a kan zuba shi, sannan a cire kuɗin daga cinikin auduga. Tsarin na da zaluncinsa, domin manomi ba shi da ta cewa a gonar da ake kira tasa, amma dai mai saye ɗaya ne, babba, mai iya gindaya wa masana'anta sharaɗi. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta kuma janye hannun hukuma daga harkar kayan noma. A shekarun da suka biyo baya aka sallami yawancin ma'aikata, aka rabu da layin dogon da injinan gurzar auduga. Taki ya koma hannun Bankin Manoma na Sudan, da kamfanonin da ke noman kwangila, da 'yan kasuwa. Mai saye ɗaya ya zama dubbai, kuma babu ɗayansu da ke da rariya.

Sai kuma yaƙi ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, ana tsakiyar noman alkama, a jihar da a da take samar da kusan rabin alkamar ƙasar. An wawushe rumbuna da injina, har cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ke garin ba ta tsira ba. A ƙarshen Yunin 2024 suka shiga Singa, sojoji suka ƙwato ta a Nuwamba, sannan suka koma Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa hatsin da Sudan ta noma a 2023 bai wuce tan miliyan 4.1 ba, ƙasa da na shekarar da ta gabata da kashi 46 cikin 100. A irin wannan hali taki yakan daɗe a hanya, ya kwana a sito marar rufi, ya bi ta hannu biyar kafin ya kai gona, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara gari da dunƙulewa. Wani kaso mai yawa na takin da ya kai ga ƙananan manoman alkama a waɗannan shekaru ta hanyar agaji ya zo, kamar shirin gaggawa na noman alkama da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, Hukumar Abinci ta Duniya ta gudanar. Wannan na nufin an sake samun manyan masu saye, waɗanda masana'anta za ta saurara musu idan sun yi magana.

Su wa ke ƙarshen wannan layi? Yawancin Hausawan da ke cikin Jazira ba su da hawasha, wato gonar da hukuma ta yanka wa manomi da sunansa. Ko dai suna ƙwadago, ko suna karɓar gona a hannun mai ita su noma a raba amfani, ko su yi haya. Banki kuwa mai takardar gona yake ba bashi. Wanda ba shi da ita sai ya koma ga ɗan kasuwa a tsarin da ake kira shel, inda ake ba ka kaya yau ka biya da amfanin gona a farashin da aka yanke tun kafin girbi. Mai karɓar taki bashi ba ya zaɓen buhu, abin da aka miƙo masa shi zai ɗauka. Alal misali, mai noman faddan 5 na alkama yana bukatar kilo 400, wato buhu 8. Idan kashi ɗaya cikin goma na kowane buhu gari ne da iska za ta kwashe ko ya zube wuri guda, ya biya kuɗin kusan buhu guda da bai amfane shi ba, kuma da alkama zai biya. Ga shi mutanen kanabi ba su da bakin kai ƙara, musamman bayan hare-haren da aka kai wa wasu unguwanninsu a Janairun 2025 bisa zargin haɗa kai da RSF. A jihar Shuɗin Nilu kuma, rikicin 2022 da ya ci ɗaruruwan rayuka a Rusairis da Wad al-Mahi, ya raba dubban Hausawa da gidajensu, asalinsa maganar ƙasa ce da wanda ke da ikon mallakar ta.

Akwai wani sauyi da ke tafe a hankali wanda zai sa waɗannan ƙauyuka su ƙara dogara ga buhu. Gonakin gaɓar kogi sun daɗe suna samun taki kyauta daga lakar da ambaliya ke kawowa daga tsaunukan Habasha kowace damina. Babbar madatsar ruwan da Habasha ta fara cikawa a 2020, ta kuma ƙaddamar a Satumbar 2025, tana tare mafi yawan wannan laka, tana kuma rage hawa da saukar kogin. Ga magudanan Jazira wannan sauƙi ne, domin yashewa za ta ragu. Ga mai albasa a bakin kogi kuwa, abin da kogi ke ba shi a da, yanzu sai ya saya da kwano.

Wani abin sha'awa shi ne, a wasu ƙasashen an juya maganar girman ƙwaya ta zama riba. A Bangaladash an daɗe ana matse yuriya da ƙaramin inji ta zama dunƙule mai nauyin giram 1 zuwa 3, a cusa shi cikin laka zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakanin shukar shinkafa, kuma da haka ake rage kusan kashi ɗaya cikin uku na takin da ake zubawa. An kawo dabarar Nijeriya, manoman shinkafa a Kano da wasu jihohi sun gwada ta. Ba za ta dace da dubban faddan na alkama ba saboda yawan aikin hannu, amma ga mai kayan lambu a 'yar gona tana da ma'ana, kuma injin matsewar ba ya ƙin gari, hasali ma ƙananan ƙwaya da garin da kowa ke gudu su ne abincinsa.

Abin da ake bukata daga hukumomi ba mai yawa ba ne. Duk mai sayo taki da yawa, banki ne ko kamfani ko hukumar agaji, ya rubuta a kwangila cewa aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙwayar su kasance tsakanin milimita 2 da 4, kamar yadda aka saba a cinikin yuriya mai manyan ƙwaya a duniya, ya kuma ƙayyade yawan gari da taurin ƙwaya. Hukumar kula da ingancin kaya da ma'aunai ta Sudan, wadda ke duba kayan da ke shigowa ta Fot Sudan, ta riƙa tankaɗe samfuri a tasha, a sake tankaɗewa a rumbunan Wad Madani da Sinnar da Damazin, domin a san inda lalacewar ke faruwa da wanda zai biya. A buga nau'in ƙwayar da girmanta a jikin buhu kusa da lambar 46. A kuma samar da ƙananan buhuna na kilo 5 da 10 a ɗinke daga tushe, don mai ƙaramin ƙarfi ya daina sayen gindin buhun wani.

Shi ma manomi akwai gwajin da zai iya yi a tsaye a gaban mai shago. Ya ɗebi taki daga sama da kuma can cikin buhun ya kwatanta a tafin hannu. Ya matsa ƙwaya tsakanin babban yatsa da manuni, idan ta murƙushe nan take to mai laushi ce, ba za ta jure ajiya ba, sai a yi amfani da ita da wuri. Idan an riga an saya, a juye buhun a kan tabarma a gauraya kafin a fara watsawa, a tankaɗe garin a ware shi, a zuba shi a gindin shuka a rufe da ƙasa ko a narkar da shi a ruwan ban ruwa. A watsa da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, bayan raɓa ta bushe a ganye, kuma kada a buɗe buhu sai an ga ruwa ya shigo magudanar da ke bakin gonar.